Hankali Amana Ne: Nasiha Ga 'Yan'uwa A Kan Tuƙi Cikin Maye

Godiya ta tabbata ga Allah Maɗaukakin Sarki, wanda Ya girmama ɗan Adam da hankali, Ya sanya shi sharaɗin ɗora wa bawa hukunci. Tsira da aminci su ƙara tabbata ga Shugabanmu Annabi Muhammadu (SAW) da alayensa da sahabbansa baki ɗaya. Allah Ya ƙara yarda ga Maulanmu Shehu Ahmadu Tijjani, da Maulanmu Shehu Ibrahim Inyass, da sauran waliyyan Allah.

Bayan haka, ya 'yan'uwa a cikin Allah: Ni almajiri ne mai neman albarka, ba ni da abin da zan koya wa iyayenmu malamai da muƙaddamai. Tunatarwa ce kawai, a kan wani abu da muke gani a hanyoyinmu kullum amma ba mu cika kiransa da sunansa ba.

Idan aka ce "tuƙi cikin maye", da yawanmu hankalinmu yakan tafi ƙasashen Turai ko unguwannin mashaya na manyan birane, sai mu ce wannan bai shafe mu ba. Mu mutanen Waca da Magarya da Dungas ba a san mu da kwalba ba. Gaskiya ne, alhamdu lillahi, mai shan giya a fili kaɗan ne a cikinmu, shi ma a ɓoye yake sha don kunya. Amma maye ya shigo mana ta wata ƙofa, ya sake suna. Ana ce masa "maganin gajiya", ana ce masa "maganin ƙarfi". A tire ɗaya ake tallarsa da maganin ciwon kai, ana jefa shi cikin shayi a tasha, ana haɗiye shi da ruwan leda kafin a tada babur. Mai shan sa yana salla tare da mu, wani ma yana zama da mu a da'irar wazifa, kuma shi ne yake ɗaukar iyayenmu mata zuwa kasuwa.

Abin da ƙwaya take yi wa direba

Taramol, wanda likitoci suke kira taramadol, maganin zafin ciwo ne mai ƙarfi, daga dangin magungunan da suke aiki irin na ofiyom. Wanda ake bayarwa a asibiti yawanci miligiram 50 ne, kuma iyakar abin da ake yarda babban mutum ya sha a yini guda miligiram 400 ne, shi ma da izinin likita. Wanda yake yawo a kasuwanni kuwa akwai mai 120, akwai mai 200, akwai mai 225. Ke nan wanda ya haɗiyi biyu masu 225 ya riga ya wuce iyakar yini a lokaci guda.

Mai sha yana jin gajiya ta tafi, amma ba ta tafi ko'ina ba, jin ta ne aka toshe masa. Jiki yana nan a gajiye, ido yana nauyi, jiri yana zuwa, hannu da ƙafa suna jinkirin amsa umarnin ƙwaƙwalwa. Idan ƙwayar ta yi yawa takan kawo jijjiga irin ta farfaɗiya, babu sallama. Idan aka haɗa ta da giya ko ƙwayar barci irin diyazefam, tana iya tsayar da numfashi.

Mu yi ɗan lissafi. Motar da take gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 a kowace daƙiƙa. Idan amalanke ya fito daga gona, ko yaro ya biyo akuya ya hau hanya, direban da ƙwaya ta jinkirta shi da daƙiƙa ɗaya tak ya tafi mita 25 kafin ƙafarsa ta taɓa birki. Tsakanin rai da mutuwa sau da yawa bai kai haka ba.

Wannan bala'i ba ƙarami ba ne. A ƙarshen 2017 ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya bayyana cewa an kama ƙwayar taramol fiye da miliyan 3 a nan Nijar, cikin kwalaye da aka manna wa tambarin Majalisar don yaudara. A 2018 ƙasar Indiya, inda mafi yawansa yake fitowa, ta tsananta doka a kansa. A shekarar ne kuma Najeriya ta hana yi da shigo da maganin tari mai kodin. Sai 'yan kasuwar suka sake dabara. A watan Fabrairun 2025 binciken BBC ya nuna yadda ake turo Afirka ta Yamma wata haɗaɗɗiyar ƙwaya, ɗaya daga cikin sunayenta Tafrodol, wadda babu ƙasar da ta amince a yi magani da ita. Mu da muke zaune a bakin iyaka, muna shiga Maigatari da Babura muna fita, duk abin da ya shigo kasuwa ba ya daɗewa bai iso mu ba.

Akwai kuma wani mayen da ba a saye da kuɗi, wato rashin barci. Wani bincike da aka yi a Ostireliya a 1997 ya gano cewa wanda ya yi awa 17 bai runtsa ba, kuzarin hankalinsa yana komawa daidai da na wanda giya ta kai ma'aunin 0.05 a jininsa, wato iyakar da Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba ƙasashe shawara kada direba ya wuce. Wanda ya tashi sallar Asuba ƙarfe 5, idan ƙarfe 10 na dare ta same shi a kan sitiyari bai kwanta ba, ya cika awa 17. Yawanci a nan ne hannu yake kai wa ga ƙwaya, sai a haɗa maye biyu a kai ɗaya.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum kusan miliyan 1.19 suke mutuwa duk shekara a haɗarin hanya, kuma shi ne kan gaba wajen kashe masu shekara 5 zuwa 29. Afirka ce ta fi kowace nahiya yawan mace-macen idan aka auna da yawan jama'a, alhali ita ce mai ƙarancin motoci.

Abin da muka karanta tun a zaure

Ba mu buƙatar zuwa nesa neman hukunci. Duk wanda ya karanta Ahalari ya san cewa gushewar hankali tana warware alwala, ko ta barci mai nauyi, ko suma, ko maye, ko hauka. A Suratun Nisa'i aya ta 43 Allah Ya hana a kusanci salla cikin maye har sai mutum ya san abin da yake faɗa. Nana A'isha (RTA) ta ruwaito cewa Annabi (SAW) ya umarci wanda gyangyaɗi ya kama shi yana salla da ya je ya kwanta, don kada ya tashi neman gafara ya ɓuge da zagin kansa. To idan an sallami mai gyangyaɗi daga kan buzun salla, inda kuskurensa kansa kaɗai zai cutar, yaya wanda ya ɗauko rai goma sha takwas a bayansa?

Wani zai ce ai giya aka haramta, wannan kuwa magani ne. Malamanmu sun riga sun amsa. Imamul Ƙarafi, babban malamin Malikiyya da ya rasu a shekara ta 684 bayan Hijira, ya rarrabe tsakanin abin da yake bugarwa, da abin da yake ɓata hankali, da abin da yake sa barci. Sun bambanta wajen haddi da najasa, amma babu wanda aka halatta wa mutum ya sha har hankalinsa ya taɓu ba tare da larura ba. Abu Dawuda kuma ya ruwaito daga Ummu Salama (RTA) hani a kan duk abin da yake bugarwa da duk abin da yake kashe jiki. Wanda likita ya rubuta masa don ciwo na gaske babu laifi a kansa ya sha, amma shi ma ba shi da izinin hawa mota ko babur muddin maganin yana sa shi jiri ko barci.

Game da haƙƙin mutane kuwa, Risala ta Ibnu Abi Zaidin Alƙairawani, wadda ake karantawa a kowane gari a ƙasar nan, ta bayyana a babin jini da haddodi cewa mai kora dabba da mai janta da mai hawanta su ne da lamunin abin da ta taka. Dabba tana da ranta da nata nufin, amma aka ɗora wa mahayinta. Ina ga ƙarfe, wanda ba ya motsi sai an motsa shi? Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta yanke cewa bin dokokin hanya wajibi ne a Shari'a, kuma direba yana ɗaukar alhakin abin da ya jawo, sai fa abin da ya fi ƙarfinsa bayan ya kiyaye duk abin da ya kamata.

Suratun Nisa'i aya ta 92 ta faɗi abin da yake kan wanda ya kashe mumini bisa kuskure: diyya ga iyalinsa, da kaffara. Diyya raƙuma 100 ce, ko dinari 1000 na zinariya. Kaffara a yau azumin wata biyu ne a jere. A al'adarmu iyalan mamaci sukan ce sun yafe, Allah Ya saka musu da alheri. Amma abin da suka yafe diyya ce, domin ita ce haƙƙinsu. Kaffara haƙƙin Allah ce, ba ta faɗuwa da yafewarsu, kuma a wurin jumhurin malamai kowane rai da tasa. Wanda ya yi sanadin rai biyar, wata goma ke kansa. Wannan ga mai kuskure ke nan. Wanda ya gusar da hankalinsa da hannunsa sannan ya hau hanya, mayensa ba uzuri ba ne, ƙarin laifi ne.

"Ƙaddara ce"

Idan haɗari ya faru, kalmar farko da take fitowa bakinmu ita ce ƙaddara. Mun yi imani da ƙaddara, mai daɗi da mara daɗi, kuma babu ran da zai wuce ajalinsa. Da wannan kalma ake lallashin maraya da gwauruwa, kuma daidai ne. Kuskuren shi ne a miƙa wa mai laifi ita ya yi mayafi. Da ɓarawo zai ce ƙaddara ce ta sa ya yi sata, babu alƙalin da zai sallame shi.

Lokacin da Sayyidina Umar (RTA) ya nufi Sham ya ji labarin annoba ta ɓarke, juyawa ya yi da jama'arsa. Da aka tambaye shi ko gudun ƙaddarar Allah yake yi, sai ya nuna cewa daga wata ƙaddarar Allah yake gudu zuwa wata. Mutumin da ya tambayi Annabi (SAW) ko ya saki raƙumarsa ya dogara ga Allah, cewa aka yi ya ɗaure ta tukuna sannan ya dogara. Rubuta sunan Allah a gaban mota da rataya hoton Shehu a madubi ba su maye gurbin birki mai kyau da direba mai cikakken hankali. Wanda ya haɗiyi ƙwaya ya ce albarkar Shehu za ta kai shi, ya yi wa Shehu rashin ladabi. Maulanmu Shehu Tijjani (RTA) da kansa ya umarci almajiransa su auna duk abin da aka jingina masa da ma'aunin Shari'a, abin da ya saɓa su watsar.

Wani mai neman mafaka zai iya cewa ai sufaye ma suna maganar maye. Haka ne, mutanen Allah suna ambaton "sukru", amma abin da suke nufi shi ne zuciya ta nutse cikin son Allah har ta manta da waninsa. Wannan ba a tire ake sayar da shi ba. Duk da haka Imamu Junaidu na Bagadaza, shugaban jama'ar sufaye, ya fifita "sahwu", wato wartsakewa, domin mai wartsakewa shi ne yake iya ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Tafarkinmu gaba ɗaya a kan halartowar zuciya aka gina shi. Zikiri tunawa ne, ƙwaya kuwa gafala ce da aka saya da kuɗi. Mu da ba mu karanta Jauharatul Kamali sai da alwalar ruwa a wuri mai tsarki, bai dace a same mu da sakaci a kan jinin Musulmi ba, wanda alfarmarsa a wurin Allah ta wuce duk yadda muke zato.

Me yake hana mutum?

Ƙasashen da suka rage wannan musiba sun gano abu guda: tsananin hukunci ba ya hana mutum kamar yadda tabbacin za a gane shi yake hana shi. Ingila ta fara gwada numfashin direbobi a bakin hanya a 1967. Jihar Biktoriya ta Ostireliya ta fara tsayar da kowane direba ba zaɓe a 1976, sannan a 2004 ta ƙara da gwajin yawu don gano masu shan ƙwaya. Da direba ya san ko yaushe ana iya tsayar da shi, sai ya shiga taitayinsa.

Mu ma muna da dokar hanya, muna da jandarmomi da 'yan sanda, da hukumar ANISER mai kula da kiyaye haɗurra, da OCRTIS mai yaƙi da fataucin ƙwayoyi. Wajibi ne mu ba su haɗin kai, kada mu zama masu zuwa roƙo a saki wanda aka kama da laifi don ɗan gidan wane ne. Sai dai na'urar busa numfashi giya take ganewa, ba ta ganin taramol. Kuma ba za a ajiye jandarma a kowace hanyar burji tsakanin Waca da Guci, ko Dungas da Malawa ba.

Amma muna da abin da ya fi na'ura. A tasha babu sirri. Mai shayi ya san wanda yake jefa abu a kofi. Ɗan kamasho ya sani, yaron mota ya sani, abokan fada sun sani, sau da yawa mai motar ma ya sani. Tabbacin da wasu suka saya da na'urori mu muna da shi kyauta, shirunmu ne kawai yake ɓata shi. Annabi (SAW) ya ba da misalin mutanen da suke cikin jirgin ruwa, na ƙasa suka so huda wurinsu don su ɗebi ruwa: idan na sama suka ƙyale su kowa ya halaka, idan suka riƙe hannunsu kowa ya tsira. Babu inda wannan misali ya fi fitowa fili kamar cikin motar haya.

Abin da yake kan kowannenmu

Ya kai mai mota ko mai babur da ka ba wani ya yi maka aiki: idan kuɗin da ka yanka masa ya kawo kullum ba ya samuwa sai ya yi sawu uku ba barci, to kai ne ka tura shi wurin mai tire. Rage masa, ka ba shi ranar hutu. Ribar da aka samo da ran mutane ba ta da albarka.

Ya kai fasinja: dubi direba kafin ka dubi kujera. Idan ka ga ido ya kaɗa, magana tana jan harshe, ko yana zuba surutu da gumi ba dalili, kada ka shiga, kuma ka faɗa wa shugabannin tasha. Idan kana ciki ka ga yana gyangyaɗi ko gudu ya wuce kima, yi magana da ladabi amma da ƙarfi, sauran kuma su mara maka baya maimakon su ce ka cika tsoro. Kada kuma mu zama masu zuga direba ya taka don mu riski kasuwa. Sauri ya haifi nawa? A ranar saukowa daga Arfa, da Annabi (SAW) ya ji ana dukan raƙuma ana tsananta musu, ya umarci mutane da natsuwa, ya sanar da su cewa aikin alheri ba a gaggawa yake ba. Ya kuma ce wa Anjashata, mai kora raƙuman da mata suke kai, ya tafi a hankali da su. Ya umarci mai wucewa ta kasuwa ko masallaci da kibau ya riƙe tsininsu kada ya soki Musulmi. Ɗan kabu-kabun da yake kutsawa cikin kasuwa ranar cinta ya tuna da wannan.

Ya ku shugabannin zawiyoyi da masu shirya ziyara, ina roƙo da ladabi: tafiyar Maulidi zuwa Kiyota ko Kano ko Kaulaha ibada ce, kada a gina ta a kan saɓo. Daga Damagaram zuwa Yamai kusan kilomita 900 ne, Kiyota kuwa sai an kusa kaiwa can. Direba ɗaya ba zai yi wannan ya kwana a wurin taro ido biyu, gari ya waye ya juyo da jama'a ba. A sa sharaɗi tun wurin ciniki: direba biyu ga doguwar tafiya, wurin barci ga direba idan an isa, ba lodin da ya wuce ƙa'ida, kuma a naɗa dattijo guda a kowace mota wanda idan ya ce a tsaya za a tsaya. Kuɗin da za a ƙara a karo-karo bai kai kuɗin likkafani ba. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ya kai mai sayarwa: Allah Ya hore maka wata sana'ar. Duk ran da ya salwanta ta dalilin abin da ka miƙa, kana da kaso a ciki.

Kai kuma ɗan'uwana da wannan abu ya kama, ba don a tozarta ka aka yi wannan rubutu ba. Mun san da yawa ba don shaƙiyanci suka fara ba, wahalar noma ce da dako da neman abin kai wa gida. Ƙofar tuba a buɗe take. Amma ka sani wanda jikinsa ya saba, idan ya yanke rana ɗaya yakan sha wuya: ciwon gaɓoɓi, gumi, rashin barci da ƙunci. Wannan ba alamar ba za ka iya ba ce, alamar kana buƙatar likita ce, ya rage maka sannu a hankali. Je asibiti, ka gaya wa muƙaddaminka ko wani amini, kuma ka ajiye makulli har ka warware. Mu kuma 'yan'uwansa kada mu kore shi daga da'ira. An taɓa kawo wa Annabi (SAW) wani da aka sha kamawa da shan giya, wani ya la'ance shi, sai Annabi (SAW) ya hana, ya shaida cewa mutumin yana son Allah da ManzonSa. A riƙe masa makulli, a kuma riƙe masa hannu; idan da hali a tallafa wa iyalinsa a kwanakin da ba ya fita. Annabi (SAW) ya koya mana cewa taimakon ɗan'uwa idan yana zalunci shi ne a hana shi.

Lokacin da ayoyin Suratul Ma'ida, ta 90 da ta 91, suka sauka da haramcin giya, ba dakaru aka tura gida-gida a Madina ba. Mai shela ne ya yi shela, sahabbai suka tuntsurar da tulunansu har ta kwarara a lunguna, kamar yadda Anas ɗan Malik (RTA) ya ba da labari. Zukatan da aka riga aka yi wa tarbiyya ne suka amsa. Mu da muke da'awar tarbiyya, a nan za a gane gaskiyar da'awarmu: a ce direban da ya fito daga zawiya, kowa yana rububin shiga motarsa saboda an san hankalinsa ɗaya ne, amanarsa cikakkiya ce.

Ya Allah Ka tsare mana hankulanmu da imaninmu. Ka jiƙan waɗanda suka rasu a kan hanyoyinmu, Ka ba masu jinya lafiya, Ka dubi marayun da suka bari. Ka yaye wa matasanmu wannan jarrabawa, Ka buɗa musu halal mai yalwa. Ka kai matafiya gida lafiya, Ka sa kada mu zama sanadin zubar jinin kowa, albarkar Shugaban halitta (SAW). Amin.